Sarƙar T-55 ta sandare, sufa gulu ya kama tayoyi: akwai gyara?

Tambaya daga Marwa: "Assalamu alaikum. Yayana da ke Faransa ya aiko mini da ƙaramar tankar yaƙi ta haɗawa, T-55, ma'aunin 1/35, irin wadda sarƙarta ke zuwa gaɓa-gaɓa. Sarƙar hagu na jera ta a kan tebur, na shafa mata gam ɗin robar da ya haɗo mini da shi, na bar ta ta kwana. Da safe na tarar ta sandare a miƙe, na zo lanƙwasawa ta karye gida uku. Ta dama sai na koma sufa gulu, ina manna gaɓoɓin kai tsaye a kan tayoyi. Ta fito a karkace, wani farin abu ya rufe tayoyin, ga kuma shatin yatsana a jikin tankar. Akwai gyara, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haƙura, kada kuma ka zubar da ko gaɓa ɗaya cikin waɗanda suka karye. Wadda ta fi tayar maka da hankali, wato ta hagu, ita ce mafi sauƙin gyara. Ta dama ce za ta ci maka lokaci. Amma ajiye reza tukuna, domin gam biyun da ka yi aiki da su ba hanya ɗaya suke kama roba ba, ba kuma hanya ɗaya ake warware su ba.

Sassan tankarka an zuba su ne da roba mai tauri da ake kira polistirin. Ruwan da yayanka ya haɗo maka, ko na Tamiya ne mai koren murfi, ko na Revell mai bakin allura, ba zama yake yi tsakanin sassa biyu ya riƙe su ba. Narkar da fatar robar yake yi ta kowane ɓangare, narkakkun su cuɗu da juna, shi kuma ya bi iska. Abin da ya rage roba ce guda, yadda mai walda ke mayar da ƙarfe biyu ɗaya. Kafin ya kai ga haka kuwa sai ya bi ta hali uku. Da farko wurin a jiƙe yake, gaɓoɓin na zamewa. Sai ya kama amma bai ƙanƙame ba: ka ɗaga sarƙar ba za ta rabu ba, ka lanƙwasa ta za ta bi ka. Daga nan sai tauri. A wancan hali na tsakiya ake naɗa sarƙa a kan tayoyi, kai kuwa kana barci ya zo ya wuce.

Masu wannan aiki a Turai sukan jira kamar minti 20 zuwa 30 kafin su naɗa, su kuma samu sauran lokaci mai yawa suna gyara zamanta. Kada ka ɗauko lissafinsu ka kawo Marwa. Sinadaran da ke cikin kwalbar, irin su asiton, masu saurin tashi ne, a Maris da Afrilu kuwa da zafi ke haura digiri 40, sai lokacin ya tsuke ƙwarai. Gwaji ne zai gaya maka naka. Haɗa gaɓa biyar, ka shafa musu, ka duba agogo, kana ɗan motsa su bayan kowane minti uku har ka ji sun daina zamewa amma suna lanƙwasuwa. Wannan shi ne lokacinka a wannan ɗakin da wannan wata. In damina ta sauka sai ka sake gwadawa. Na fi son aikin sarƙa bayan asuba ko cikin dare. Taga a buɗe, saboda warin ba na shaƙa ba ne, amma kada fanka ta fuskanci teburin, kuma babu kyandir ko maganin sauro na kunnawa a kusa, don ruwan nan yana kama wuta.

To, ta hagu. Abin da ba ka lura ba shi ne akwai wurin da ake so sarƙa ta kasance a miƙe sambal: ƙasa, daga ƙarƙashin tayar farko zuwa ta biyar. A T-55 ta gaske wannan tsawon mita 3.84 ne, a ma'auninka, da aka rage girman sau 35, wajen santimita 11, gaɓa 28 ko kusa da haka. Zaɓi mafi miƙewa cikin guntayenka uku, ka yanke shi daidai nan, ka gama da ƙasa ke nan. Kamfanoni da yawa ma haka suke sayar da sarƙarsu, dogayen yanki na sama da ƙasa, sai 'yan gaɓoɓi warwara na wuraren lanƙwasa. Ka ɗauka irinta ka saya.

Sauran guntayen na sama ne, inda lanƙwasar ba ta da tsanani. Juya su ta ciki, ka bi mahaɗar kowace gaɓa da bakin buroshi ɗauke da ruwan gam kaɗan, ka jira minti biyu, sannan ka danna a hankali. Ruwan da ya ɗaure su zai sake tausasa su. In ba su bi ba, ƙara shafawa, kada ka ƙara ƙarfi. Wurare biyu ne kawai masu lanƙwasa sosai ke buƙatar gaɓoɓi rabe, wato zagayen taya mai haƙora ta baya da tayar gaba, da gangaren da ke saukowa daga kowaccensu zuwa ƙasa. A nan fara da sababbin gaɓoɓi in akwai rara a firam, wato sandunan robar da sassan ke zuwa manne a jikinsu, don yawanci sukan sa rara. In babu, ja bayan reza a kan mahaɗar sau da yawa har ta yi rami, ɗiga ruwan, ka motsa gaba da baya har ta saki. Wasu za su ce ka tsoma ta a ruwan zafi ka lanƙwasa. Ban yarda da shi ba a nan. Zafi yakan fara tausasa inda robar ta fi siriri, wato jikin gaɓar da gefunanta, kafin ya kai ga mahaɗar da ta yi kauri, sai ka samu gaɓoɓi sun baje, kwanar kuma ba ta fito ba.

Kafin ka naɗa, tayoyi biyar na ƙasa su riga su zauna a layi ɗaya; ɗora rula a gefensu ka tabbatar. Taya mai haƙora da tayar gaba kada ka manne su tukuna. Ta bayan dole ta iya juyawa don haƙoranta su faɗa ramukan gaɓoɓin da kansu. Ta gaban kuma, a tanka ta gaske a kan wani lanƙwasasshen hannu take, da shi ma'aikatan tankar ke ɗaure sarƙa ko sassauta ta. In kamfanin ya yi maka wannan hannun daban, bar shi a sake har ƙarshe, shi ne zai cece ka.

Ga dalili. Tsohuwar sarƙar T-55 gaɓa 90 ce a kowane gefe, faɗinta milimita 580, tazarar gaɓa da gaɓa milimita 137. Raba da 35, kowace gaɓa taka ba ta cika milimita 4 ba. Yanzu a ce wajen jerawa ka bar ɗan sarari na kashi ɗaya bisa goma na milimita a kowace mahaɗa, abin da ido ba ya gani. Sau 90, milimita 9 ke nan, fiye da gaɓa biyu. Shi ya sa adadin da takardar kamfani ta rubuta ba aya ba ce. Wani zai rufe da 88, wani da 91, kuma babu mai zuwa ya ƙirga. Abin da ke ba da wahala shi ne ka zo rufewa ka tarar saura rabin gaɓa: ƙara ɗaya ta yi yawa, bari kuma ga giɓi. Sai ka tura tayar gaba gaba kaɗan ko ka jawo ta baya, magana ta ƙare. Ka gode Allah T-55 aka aiko maka. Da T-34 ce, gaɓoɓinta ɗaya mai ƙaho (tsinin da ke ta cikin gaɓa) ɗaya maras ƙaho suke tafiya, bibbiyu ake ƙarawa ko a rage.

Wajen jera sababbi, liƙa salatif na takarda a kan katako, ɓangaren danƙon yana sama, ka danne gefe ɗaya da rula don layin ya miƙe. Salatif ɗin in danƙonsa ya yi ƙarfi, manna shi a wandonka sau biyu ka ɓare kafin ka shimfiɗa. Duba zanen takarda da kyau ka ga ina gaɓar ta fuskanta, domin tana da gaba da baya, kuma juya ta a gefe ɗaya kuskure ne da ba a ganewa sai an gama. Kankare ɗan tsinin da ya rage inda ka yanko ta daga firam; shi ne ke hana gaɓoɓi shiga juna. 'Yan zagayayyun tambarin injin zubi da ke cikin gaɓar kuwa, goge na wuraren da za a gani kawai, waɗanda taya za ta rufe ƙyale su. Gam kuma taɓawa ake yi, ba shafe ba. Dangwala bakin buroshi a mahaɗar, ruwan zai bi tsagar da kansa. In ka ga ya kwanta yana ƙyalli a kan gaɓar, ya yi yawa.

Sai zaman sarƙar ta sama, inda ake gane wanda ya kalli tanka da wanda bai kalla ba. T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama. Saboda haka sarƙar kan sauko daga taya mai haƙora, ta kwanta a kan tayoyin tsakiya, ta sake ɗagawa zuwa tayar gaba. Ba a miƙe take ba, ba kuma faɗawa take yi cikin kowane sarari tsakanin taya da taya ba. Wannan zurmawar da wasu ke yi tsakanin kowace taya don ta yi kyau a hoto, tankar da ta yi haka a fili sarƙarta ta kusa zarewa. Sherman ta Amurka kuma akasin haka ce, sarƙarta a ɗaure tamau take. Nemi hotunan T-55 ɗin Libiya da aka bari a Fada da Wadi Dum, a arewacin Cadi, a 1987, lokacin da sojojin Cadi suka fatattake su da motocin Toyota. Akwai su a intanet, za ka ga zaman da idonka. Ka dai tuna wadda aka harba ko ta daɗe a yashe sarƙarta ta fi ta mai tafiya sakwarkwacewa. Don riƙe wannan siffa, cusa 'yan guntayen soso ko naɗaɗɗiyar takarda tsakanin sarƙar da farantin da ya yi mata rumfa, ka bar ta ta kwana. Yanzu ne kwanan ke da amfani.

Bar mahaɗa biyu ba gam, ɗaya a kan taya mai haƙora, ɗaya a kan tayar gaba, yadda sarƙar za ta fita gida biyu, sama da ƙasa, a yi mata fenti daban. Ka kula kada ruwan ya taɓa inda sarƙa ta haɗu da taya.

Mu koma dama. Sufa gulu bai narkar da komai ba. Shi ne da kansa ya daskare ya zama ɓawo mai tauri tsakanin sassan. Danshin iska da na jikin abin ne ke sa shi kamawa, shi ya sa yake cafke yatsa nan take, da hunturu kuwa da iska ta bushe sai ya yi ta jan ƙafa a kan roba, mutum ya zaci bai isa ba ya ƙara. Wannan rarar da ba ta daskare da wuri ba ita ce ke tashi tururi ta sauka fari a kewaye. Farin nan ƙura ce a sama kawai, bai ci robar ba. Tsohon buroshin haƙori zai ɗauke mafi yawansa, fenti ya rufe saura. Kada ka ɓata rai a kansa.

Raunin sufa gulu shi ne yana da ƙarfi in an ja shi a miƙe, amma ba ya jure murɗawa ko bugu daga gefe, sanyi kuma na ƙara masa gautsi. Sa gangar tankar a leda ka ɗaure, ka kai ta firiza ta yi awa biyu ko uku. In wuta ba ta zama a unguwarku, masu sayar da ƙanƙara ba za su hana ka kusurwa ba. Da ka fito da ita, tun tana da sanyi, zura bakin reza tsakanin gaɓa da taya ka ɗan murɗa. Yawanci za ka ji ƙas, ta ɓalle. Yi da sauri amma ba da ƙarfi ba, domin ita ma robar sanyi na sa ta saurin karyewa, musamman ƙahonin gaɓoɓin da sandunan da tayoyi ke kai. Riƙe tayar da yatsu biyu yayin da kake murɗawa, kada nauyin ya tafi kan sandar. In ta huce kafin ka gama, mayar da ita.

Za a ce maka asiton na narkar da sufa gulu, ko ruwan goge jan farce na mata. Gaskiya ne, amma yana narkar da polistirin fiye da yadda yake narkar da gam ɗin. Ai ka ga yana cikin abin da aka haɗa gam ɗin robar da shi. A kan sarƙar ƙarfe, irin ta kamfanin Friulmodel da ake sarƙafewa da waya, jiƙa ta a ciki ba komai. A kan taka, a'a. Na yatsunka ne kawai, su ma ruwan ɗumi da sabulu sun isa in ka yi haƙuri ba ka fizga ba. Akwai ruwan warware sufa gulu na musamman, in an samo maka, gwada shi a kan guntun firam tukuna, don wasunsu ma suna cin roba. Kuma kada ka goge sufa gulu mai yawa da auduga, haɗuwarsu na yin zafi har ta ƙona fata.

Bayan sun ɓalle, dole ka kankare ɓawon har ka isa roba tsantsa, in ba haka ba gam ɗin roba ba zai kama ba. Riƙe reza a tsaye kana ja, ba yanka ba. Tsinin wuƙar tiyata mai lamba 11 da ake samu a kantin magani ya fi reza shiga lungu, hantsaki mai siririn baki kuwa wajen masu gyaran waya a kasuwa za ka same shi. Wannan shi ne aikin da zai gajiyar da kai, gaɓa bayan gaɓa. Ware su kashi biyu: masu lafiya su tafi wuraren lanƙwasa da gefen da ido ke gani, masu tabo su tafi ƙasa ƙarƙashin tayoyi ko can ciki ƙarƙashin rumfa. In sandar taya ta karye, huda ɓangarorin biyu da allura mai kauri ko siririn abin huji, ka sa guntun wayar tagulla ta lantarki a tsakiya, ka ɗiga sufa gulu. A nan shi ne gwani, don gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe. Ɗiga shi a kan murfin kwalba ka ɗiba da tsinken sakace, kada ka matsa daga bututun kai tsaye.

Shatin yatsa kuma, na ɗauka gam ɗin roba ne ya jawo shi, ban sani ba ko ka riga ka yi ƙoƙarin gogewa. In gam ɗin roba ya malala inda ba a so, dokar ita ce kada a taɓa. Ruwa ne mai tashi. Ka bar shi, zai tafi ya bar ɗan ƙyalli da fenti zai ɓoye. Yatsa ko tsumma ne ke mayar da shi tabo. Tunda ya riga ya faru, ba shi kwana biyu, don robar da ta sha ruwa da yawa takan yi tauri a sama alhali cikinta da laushi, in ka sa samfefa da wuri sai ta dunƙule. Sannan bi shi da samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, lamba 600, sai 1000, a naɗe a kan ɗan katako mai faɗi don kada ka yi kwari. In shatin a kan kan tankar yake, inda bindiga take, ka yi sa'a: na T-55 zubin ƙarfe ne, fatarsa ba sumul take ba. Jiƙa wurin da gam kaɗan ka daddanna da tsohon buroshi mai tauri, tabon zai ɓace cikin kaushin. In rami ne ya yi zurfi, yayyanka firam ƙanana ka zuba a sauran gam cikin wata kwalba, ya kwana ya zama kunu, ka cike da shi siriri-siriri, kana barin kowane shafi ya bushe. Sufa gulu da bikarbonat ma na cike rami nan take, sai dai ya fi robar da ke kewaye tauri, samfefa za ta ci gefen ta bar shi a tsaye.

Kwalbar nan ta yayanka ka riƙe ta da kyau, don ba lallai ka samu irinta a Marwa ko Garwa ba. Rufe ta bayan kowace dangwala, ajiye ta a ƙasa inda ya fi sanyi, kamar gindin randa. In ta ƙare, kada ka je ga gam ɗin masu gyaran takalmi, yana jan zare kuma yakan ci roba a hankali. Na fayif ɗin ruwa ma ya yi wa gaɓa mai milimita 4 ƙarfi. Farin gam na kafinta ba ya riƙe roba sosai, amma wannan ne amfaninsa: ɗan ɗigo zai riƙe maka taya na wucin gadi, ruwa ya sake ta.

Wajen fenti akwai tarko ɗaya da ke mayar da mutum baya. Kananzir, fetur da tina suna shiga mahaɗun sarƙa su tsattsaga su, sai ka ga aikin da ka gama yana wargajewa a hannunka. Yi amfani da fenti mai narkewa a ruwa. Launin ƙasa-ƙasa mai duhu a fara, kada ka yi ja irin na tsatsa. Tankar da ke tafiya a rairayi yashi na goge mata sarƙa kullum, tsatsa ta wadda aka yasar ce. Tankaɗe ƙasar ƙofar gidanku da rariya mai laushi, dama da ruwa da ɗigon farin gam, shafa a ramukan, in ta bushe goga bakin fensir a kan wuraren da ke taɓa ƙasa da gefen ƙahonin. Lokacin mayar da ita, kankare fentin da ke bakin mahaɗu biyun da ka bari kafin ka sa gam, don ba ya kama fenti. In ɗan giɓi ya rage a ta baya, juya shi ya faɗa saman taya mai haƙora ƙarƙashin rumfa, ka toshe da irin wannan ƙasar da ka dama.